Me ya sa waƙar Kenny Rogers da Dolly Parton ta ƙi tsufa?

Tambayar da wata ƙanwarmu ta turo ita ce: "Babana yana da wata waƙar turawa da yake sawa a mota tun muna yara, Islands in the Stream, ta Kenny Rogers da Dolly Parton. Da haushi take bani, yanzu kuma sai ga ta ina jin ta a bidiyon 'yan zamani a TikTok har ni ma na fara binta. Wai me ke cikin waƙar nan ne da ta ƙi mutuwa?"

To ƙanwata, ki gaida mana Baba, ki ce masa yana da kunne. Ni harkar sauti ce sana'ata, haɗa murya da kiɗa a situdiyo, kuma waƙar nan tana cikin waɗanda nake kunna wa yaran da ke koyon aiki a wajena idan ina so su gane bambancin waƙa mai sauƙin ji da waƙa mai sauƙin yi, don ba abu ɗaya bane sam. Wannan ɗin tana da sauƙin ji amma wallahi waɗanda suka gina ta sun sha aiki, sun ɓoye wahalar ne a ƙasa yadda mai saurare ba zai lura ba, shi dai kawai zai ji kansa yana kaɗawa.

Waƙar ta fito a watan Agusta 1983 cikin albam ɗin Kenny Rogers mai suna Eyes That See in the Dark. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba Kenny ne ya rubuta ta ba, ba kuma Dolly ba, duk da ita Dolly marubuciyar waƙa ce ta gaske. 'Yan'uwan nan uku ne na ƙungiyar mawaƙa ta Bee Gees, Barry da Robin da Maurice Gibb, mutanen da suka riƙe duniyar disko a ƙarshen shekarun 1970. Su ba 'yan kantiri bane, wato salon waƙar karkarar Amurka da aka san Kenny da Dolly da shi, ba ma 'yan Amurka bane, haihuwar tsibirin Man ne kusa da Ingila suka taso a Ostireliya. Kuma da farko ma da salon R&B na baƙaƙen Amurka suka tsara ta, ba da Kenny a rai ba. Sunan kuma daga wani littafin marubucin Amurka Ernest Hemingway suka ɗauko shi wanda aka buga a 1970 bayan rasuwarsa. Kinga tun daga tushe waƙar ruwa biyu ce, jikinta na pop da R&B, muryoyin da suka hau kanta na kantiri, shi ya sa ta shiga gidajen da kantiri zalla ba ya shiga.

Shi Kenny da bakinsa ya sha ba da labarin yadda aka yi Dolly ta shigo. Ya ce ya yi kwana huɗu yana ta rera waƙar shi kaɗai a situdiyo a Los Angeles har ta fita masa a rai, ya gaya wa Barry Gibb cewa shi fa ya daina son waƙar ma, sai Barry ya ce abin da muke bukata Dolly Parton ce, aka yi sa'a tana kusa, manajansa ya je ya zo da ita, tana shigowa ɗakin komai ya canza. Duk wanda ya taɓa zama gaban na'urar haɗa sauti ya san wannan yanayin, mawaƙi yana ta maimaita baiti ɗaya tun la'asar har dare, muryar daidai take babu kuskure amma babu rai a ciki, kai da kake danna maɓalli ka san akwai abin da ya ɓace amma ka rasa ko mene ne. A nan abin da ya ɓace mutum na biyu ne. Kalmomin waƙar suna cewa mu biyu, mu biyu, babu kowa tsakaninmu, to ta yaya mutum ɗaya zai tsaya ya faɗi haka a yarda da shi? Dole sai an ji ɗayar ta amsa.

Da ta fito kuwa ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard Hot 100, babban jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a watan Oktoba 1983, ta sauke Total Eclipse of the Heart ta Bonnie Tyler, ta kuma yi lamba ɗaya a jadawalin kantiri da na waƙoƙin manya masu taushi duk a lokaci guda. Karo na biyu kenan kowannensu yana hawa can, shi Kenny ya taɓa yi da Lady a 1980, ita Dolly da 9 to 5 a 1981. Bayan ita sai da aka jira har 2000 kafin wata waƙar kantiri ta sake hawa saman wannan babban jadawalin, wato Amazed ta Lonestar. Amma ni ba na ɗaukar lamba ɗaya a matsayin hujjar daɗewa, waƙoƙi nawa ne suka yi lamba ɗaya a 1983 yau ko mai sayar da kaset na da ba zai tuna su ba. Dalilin yana cikin ginin waƙar ne.

Ki sa abin kunne ki saurari amshin da kyau ki ƙirga da yatsa. Layukan farko na amshin kowanne gaɓa biyar ne, biyar, biyar, biyar, a jere har sau shida, gajeru, kuma bayan kowanne akwai ɗan fili da za ki ja numfashi. Muryar ba ta tsalle mai nisa, takawa take daga mataki zuwa na kusa da shi. Ma'ana wanda bai iya waƙa ba zai iya binta, wanda bai iya turanci ba ma zai iya binta, don kafin harshensa ya harɗe layin ya ƙare. Sannan ga wannan "a-ha" ɗin da suke yi tare a tsakiya, wanda ba kalma bace balle a ce sai ka je makaranta, yaro ɗan shekara uku a bayan mota zai cafke ta, kuma na tabbata ke ma ta nan kika fara binta ba tare da kin shirya ba. Masu rubuta waƙa da gangan suke barin irin wannan ƙofar a buɗe don kowa ya samu inda zai shiga.

Saurin kiɗan shi ma an auna shi. Bugu ɗari da 'yan kai ne a minti, wato bai kai na disko da zai sa ka zufa ba, bai kuma yi sanyin da zai sa ka tagumi ba. Daidai tafiyar mutum mai nishaɗi. Dattijo zai iya kaɗa kai yana tuƙi ba tare da ya ji ya zubar da girma ba, matashiya kuma za ta iya taka rawa a kicin. Waƙoƙi kaɗan ne suke samun wannan tsakiyar, yawanci ko dai ta zama ta samari zalla ko ta zama ta tsofaffi zalla.

Yanzu ga inda ni nake cire wa 'yan Gibb hula, kuma nan ne nake tsayar da waƙar in maimaita wa yarana sau da yawa. Kenny muryarsa ƙasa take, mai ɗan kaushi da dishi-dishi, ita kuma Dolly tata sama take, siririya mai rawa a ƙarshen layi. Idan ka ajiye waƙa a matakin da ya dace da namiji, macen za ta shaƙe, in ka ɗaga don ita shi kuma zai yi ta ƙoƙarin kamowa, wannan matsalar duk mai haɗa waƙar mace da namiji ya santa, mu ma nan kullum muna fama da ita. Abin da suka yi shi ne baitin farko aka ajiye shi a kii ɗin C, wato matakin sautin da Kenny yake zaune daram a kai, ana gama amshin farko sai kiɗan ya juya gabaɗaya ya koma A flat, Dolly ta karɓi baiti na biyu a inda muryarta ta fi haske. Yawancin waƙoƙin pop idan za su canza kii sai can ƙarshe suke ɗagawa da rabin mataki ko mataki ɗaya don a ji kamar an ƙara wuta, kowa ya san wannan dabarar har ta zama gama-gari. Su kuwa a tsakiya suka yi, kuma tsalle mai nisa suka yi, amma ƙahonin da ke busawa a wajen sun rufe ɗinkin yadda ba za ki ji an yi tsalle ba, kawai za ki ji kamar an buɗe taga iska ta shigo lokacin da ta fara. Shi ya sa waƙar ba ta gundura duk da amshin ɗaya ne ake maimaitawa, kunnenki yana jin abu ɗaya ne a wuri biyu daban.

Sannan ki lura yadda suke shiga wa juna. Ba wai shi ya yi nasa ya koma gefe ita ta yi nata ba. Tun a baitinsa za ki ji ta ta shigo ta ɗora muryarta a saman tasa, a nata baitin shi ma ya shigo ta ƙasa ya tallafe ta, a amshi kuma su haɗu. Kunnen Bahaushe ai ya saba da wannan, mun taso da waƙar mace da namiji suna amsa wa juna a finafinan Indiya sannan a namu na Kannywood, don haka ko ba a fassara mana ba muna jin muryoyin biyu mun san me ake ciki. Ina ganin wannan yana cikin abin da ya sa ta zauna a nan wajenmu fiye da wasu waƙoƙin turawa na lokacin. Dama can kantiri yana da kasuwa a Najeriya, mutanen zamanin Baba sun sha Jim Reeves da Don Williams da Kenny da Dolly a rediyo da kaset, irin kaset ɗin nan da in zaren ya fito sai a sa biro a naɗe shi, saboda turancinsu a hankali yake fita ana jin kowace kalma, kuma babu hayaniya.

Sai maganar abin da waƙar take faɗa. Gaskiya kalmomin ba wasu masu zurfi bane, wasu layukan ma in kika zauna kika tsefe su za ki ga ba su da wata ma'ana mai ƙarfi, an sa su ne don sun zauna a baki. Mutum ne yake cewa na neme ki na same ki, hankalina ya kwanta, babu mai shiga tsakaninmu, zo mu tafi wata duniyar, mu dogara da juna. Shikenan. Amma ki duba abin da babu a ciki. Babu sunan mace, babu sunan gari, babu mota ko mashaya ko gidan yari irin na waƙoƙin kantiri da yawa, babu wani abu da zai ɗaure ta da 1983 ko da jihar Tennessee, mahaifar Dolly. Duk wanda ya ɗauka tasa ce. Saurayi da budurwa za su ji da su ake, miji da matar da suka aurar da 'ya'ya su ma za su ji da su ake. Zan dai faɗa miki don kar ki je ki rera gaban surukai, akwai layi a ciki da ya ambaci kwanciyar masoya a fili, turawa ba sa ɗaukar wannan komai amma mu da kunya aka san mu, kuma da yawan iyayenmu da ke sonta kiɗan da muryoyin suke bi ba wannan layin ba.

Wani abu kuma da nake so ki riƙe, waƙar soyayya ta farin ciki ta fi ta baƙin ciki wahalar yi nesa ba kusa ba. Ta rabuwa da yaudara tana da labari, akwai wanda ya yi laifi akwai wanda aka cuta, hawaye da kansa yana jan mai saurare. Amma ka zo ka ce ina sonta tana sona lafiya lau muke, to sai me? Minti huɗu za ka cika da wannan ba tare da ka zama abin dariya ko ka gundiri mutane ba. Mafi yawan masu gwadawa zaƙin yake musu yawa. Abin da ya ceci wannan shi ne shekarun masu rerawar. Kenny haihuwar 1938 ne a Houston, yana da 45 lokacin, gemunsa ya yi furfura, ita Dolly haihuwar 1946 tana da 37, ta taso cikin talauci a duwatsun gabashin Tennessee cikin 'ya'ya goma sha biyu. Idan yaro ɗan shekara sha tara ya ce babu abin da zai raba mu, murmushi za ki yi ki ce Allah ya sa. Idan mai furfura da dishin murya ya faɗa sai ki ji kamar ya san abin da yake faɗa, ya ga jiya ya ga yau kuma duk da haka yana murna. Wannan dishin na Kenny shi ne gishirin waƙar.

Kuma mutane sun yarda da su biyun saboda abotarsu ta gaskiya ce. Ba su taɓa auren juna ba, ba su taɓa soyayya ba, dukansu sun sha faɗa a hira, ita tana tare da mijinta Carl Dean tun 1966 har ya rasu a 2025. Amma duk bidiyon da kika gani suna rera ta a dandamali za ki ga tana tsokanarsa yana dariya har ya kusa manta layinsa, ba wasan kwaikwayo bane irin na waɗanda aka haɗa don kasuwa. Bayan wannan sun yi albam ɗin Kirsimeti tare a 1984, sun yi Real Love a 1985, can da tsufa a 2013 suka yi You Can't Make Old Friends. A watan Oktoba 2017 a Nashville, cibiyar waƙar kantiri, wajen taron bankwanansa da dandamali suka rera Islands in the Stream tare karo na ƙarshe, shi kuma ya rasu ranar 20 ga Maris 2020 yana da shekara 81. Duk wanda ya san wannan tarihin in ya ji waƙar yanzu abota yake ji a ciki fiye da soyayyar saurayi da budurwa ma.

Ba kowa ne ya yi murna da ita ba fa a lokacin. 'Yan kantiri na gargajiya suna ganin irin waɗannan waƙoƙin sun sayar da gida, ina gogen, ina jitar ƙarfen nan mai kuka, an cika waƙa da ƙahoni da fiyano na lantarki an ce kantiri ce. Kuma suna da gaskiyarsu, in kika cire muryoyin biyu kika bar kiɗan zalla babu wanda zai ce daga Nashville ya fito. Ba a daɗe ba ma sai ga su George Strait da Randy Travis sun dawo da salon da a tsakiyar shekarun 1980 kasuwa ta koma wajensu. Amma a 2005 tashar talabijin ta CMT, wadda aka kafa don waƙar kantiri, da ta jera waƙoƙin mutum biyu da suka fi fice a tarihin kantiri wannan ta sa a farko. Ni a ganina hanyar da su Shania Twain da Faith Hill suka bi a shekarun 1990, daga baya Taylor Swift ta biyo, irin su Kenny da Dolly ne suka share ta, su suka sha zagin.

Game da yadda ta iso wayarki kuwa, waƙa ba ta rayuwa da kanta sai an yi ta ɗaukarta ana miƙawa, kuma wannan duk bayan wasu shekaru sai wani ya ɗauka. A 1998 Pras na ƙungiyar Fugees da Mya da Ol' Dirty Bastard suka ɗauki karin amshin suka ɗora wasu kalmomi suka yi Ghetto Supastar, 'yan hip hop da ba su taɓa sauraron kantiri ba suka haddace karin ba su san na su waye ba. A 2009 wasu 'yan wasan barkwanci na Birtaniya, Ruth Jones da Rob Brydon, tare da Tom Jones da Robin Gibb suka sake ta don tara kuɗin agaji na Comic Relief ta yi lamba ɗaya a can, alhali ta asalin a lamba bakwai ta tsaya a Birtaniya. Sai 2023 da Netflix suka saki shirin rayuwar David Beckham aka nuna shi da matarsa Victoria suna 'yar rawarsu da waƙar, nan fa ma'aurata suka yi ta kwaikwayo a TikTok, ina kyautata zaton ragowar wannan guguwar ce ta iso gare ki. Ki duba fa, rap, barkwanci, ɗan ƙwallo, duk karin ya ɗauke su bai karye ba. Haka muke gwada waƙa a wajen aiki, a cire mata duk kwalliya a bar mutum ɗaya da jita ko ma da tafi kawai, in har yanzu ana son bi to ginin yana da kyau.

Kuma akwai abin da ya shafi Baba shi kansa wanda ba na cikin waƙar bane. Abin da mutum ya ji yana saurayi yana manne masa fiye da duk abin da zai ji daga baya, ke kuma kin ji ta ne a bayan motarsa tun ba ki san me ake cewa ba, haushin da take ba ki a da ma shaida ce ta shiga. Amma wannan kaɗai bai isa ba, don na tabbata akwai wasu waƙoƙin da yake sawa a motar da ba ki tuna ko ɗaya.

In kina so ki gane da kunnenki abin da nake ta bayani, ki nemi gwajin farko da Barry Gibb ya rera shi kaɗai don ya nuna wa Kenny yadda waƙar take, an fitar da shi a 2006 cikin tarin gwaje-gwajen albam ɗin. Karin yana nan, amshin mai gaɓa biyar yana nan, waƙa ce mai kyau ba laifi. Sai ki dawo ki sa ta 1983 da abin kunne mai kyau, ba sifikar waya ba don tana cinye ƙasan muryar Kenny, ki jira daidai inda amshin farko ya ƙare ƙahoni suka busa Dolly ta karɓa, ki maimaita wajen sau biyu ko uku kina sauraron inda shi kuma yake shigowa ta ƙarƙashinta.